Fure da Ganye a Cikin Tulu: Adon da Ke Ƙofar Gidanmu

'Yan'uwa masu karatu, iyayenmu mata da iyayenmu maza, a wannan fitowa filin iyali zai tsaya ne a kan wani ɗan al'amari da yawancinmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wato yadda ake yanko fure da ganye daga tsakar gida ko bakin shinge, a jera su cikin tulu ko kwalba, a ajiye a ɗaki domin ƙawa da ƙamshi.

Duk wanda ya saba shiga gidaje a Aboabo, Asawase, Sawaba ko Sabon Zango ya san cewa da wuya a rasa fulawar roba a falo. Tana bisa kabad ko gefen talabijin, an sayo ta a Kejetia ko Adum tun lokacin kayan ɗakin amarya, ƙura ta dusashe launinta, ba wanda yake ɗaga kai ya dube ta. Wannan ya nuna cewa sha'awar fure tana nan a zukatanmu. Abin da ya rage shi ne mu san cewa na gaskiya, mai rai da ƙamshi, yana kusa da mu, kuma kyauta ne ga wanda ya san yadda ake riƙonsa.

Birnin lambu, unguwar siminti

Kumasi gari ne da ya samo sunansa daga itace. Tarihin baka na Asantawa, waɗanda kakanninmu suke kira Tonawa, ya ce a zamanin Sarki Osei Tutu, wajen ƙarshen ƙarni na 17, Okomfo Anokye ya dasa itacen kum, ya kama, aka kafa gari a ƙarƙashinsa. A shekarar 1945 wasu Turawan Ingila masu zanen gine-gine, Maxwell Fry da Jane Drew, suka tsara taswirar faɗaɗa birnin bisa tsarin barin filaye da itatuwa tsakanin unguwanni, kuma Kumasi ta yi suna da laƙabin Birnin Lambu na Afirka ta Yamma. Allah ya hore mata damina biyu a shekara, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ga ƙasa mai albarka wadda ko sanda aka soka sai ta yi toho.

Amma mu dubi unguwanninmu. Jama'a ta ƙaru, an raba ɗakuna, an yi shaguna a inda da ake da inuwa, an shafe tsakar gida da siminti domin gudun taɓo. Yaro yakan tashi daga gida zuwa makarantar allo, daga can zuwa ta boko, ya dawo, bai taɓa ganye da hannunsa ba sai wanda aka naɗe masa wake da shinkafa a ciki. In yana son ganin lambu sai an kai shi wurin shaƙatawa na Rattray da aka buɗe a 2015, ko lambun tsirrai na Jami'ar Kwame Nkrumah. Ga hasarar da muke magana a kai: yaran da ba su san sunan lalle in sun gan shi a tsaye ba, ba su san ƙamshin furen zogale ba, da wuya su girma su ga amfanin barin itace a ƙofar gida. A ranar 11 ga Yuni, 2021, an yi gangamin dasa itatuwa miliyan 5 a faɗin Ghana. Dasawa aikin yini ɗaya ne, rainon kuwa sai wanda ya tashi da son tsiro, kuma wannan so a gida ake koyonsa. Tulun fure a kan tebur shi ne mafi sauƙin makarantarsa.

Shin al'adar wasu ce?

Akwai masu cewa ado da fure al'adar Turawa ce, ko kuwa ta masu kai wa gawa. Maganar tana da tushe ta wani gefe. Wani masanin al'adu ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Ghana har da ƙasar Gwanja, ya wallafa littafi a 1993 mai suna The Culture of Flowers. A ciki ya lura cewa a mafi yawan ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba a saba noman fure domin ado ba, hankalin mutane ya fi karkata ga ganye da saiwa da ɓawo, saboda abinci da magani. Mu ma shaida ne, domin Bahaushe yana da suna ga kusan kowane ganye, amma furannin lambu duka ya tattara su ya kira su fulawa, sunan da suke tarayya da garin alkama.

Sai dai duniyar Musulmi ta daɗe da sanin fure. A jikin marmarar Taj Mahal, wanda Sarki Shah Jahan ya soma ginawa a Indiya a 1632, an sassaƙa furanni, wasu a jere cikin tuluna. A Istanbul, shekarun 1718 zuwa 1730 na mulkin Sarkin Musulmi Ahmad na Uku sun yi suna da zamanin furen tulif, kuma wannan fure da ƙasar Holan take alfahari da shi, daga daular Usmaniyya ya shiga Turai a ƙarni na 16. Alhazanmu sun san wardin Ɗa'ifa, wanda ake haɗa ruwansa da Zamzam wajen wanke Ɗakin Ka'aba. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim cewa an hana mutum ya mayar da kyautar raihani, wato tsiro mai ƙamshi, kuma da wannan suna Larabawa suke kiran ɗaɗɗoyar da ke bayan madafinmu. Ɗora furanni a kan kabari kuwa ba ɗabi'armu ba ce, ba kuma shi ne zancenmu ba. Zancenmu na gidan masu rai ne.

Darasin huhun goro

In an lura, ilimin da ake bukata wajen raya yankakken fure gadonmu ne. Fataken Kano da Katsina da Sakkwato da suka riƙa zuwa Salaga sayen goron dajin Asante, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, jama'a su bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo, daga baya su cika zangon Kumasi, sun riƙa ɗaukar ɗanyen goro tafiyar watanni a kan jakuna ba tare da ya bushe ba. Sukan shimfiɗa ganyen fita a cikin huhu, su yayyafa ruwa, su kare kayan daga rana, sa'an nan lokaci lokaci su kwance, su tsince wanda sankara ta kama domin kada ya ɓata sauran, su sake ganye. Sanyi, laima, tsafta da tsince ruɓaɓɓe, waɗannan huɗu su ne asirin goro, su ne kuma asirin fure. Jikokin masu huhu ba su da dalilin cewa aikin ya fi ƙarfinsu.

Abin da za a yanka

Mu soma da ganye, tun da shi muka fi sani, kuma shi ne ƙashin bayan kowane jeri. Ganyen moda, mai tsayi kamar takobi, yana yin makonni a cikin ruwa. Kuroton, wannan shukar shinge mai ganye ja da rawaya da kore, ita kaɗai ta isa ado ko babu fure. Akwai reshen lemun tsami mai sheƙi, da ƙaramin ganyen kwakwar manja wanda ake datse shi da almakashi ya zama kamar mafici, da ciyawar lemun da ake dafa shayi da ita, wadda take ba jeri tsayi da lanƙwasa. Ɗaɗɗoya da na'ana'a suna cika ɗaki da ƙamshi, kuma sau da yawa sukan fid da saiwa a cikin kwalbar, sai a mayar da su ƙasa. Abin kiyayewa shi ne a zaɓi ganyen da ya ƙosa. Sabon toho, kamar jan ganyen mangwaro, yana da kyau a ido amma ba ya kai yamma.

Daga cikin furanni, lalle da zogale da dogonyaro suna fid da ƙananan fure masu ƙamshi, musamman lalle, wanda reshe biyu nasa sun isa falo. Yakuwa, wadda ake yin sobolo da ita, in ta yi jajayen ƙoƙuna a jikin kara, tana cikin mafi daɗewa. Iksora, mai dunƙulen ƙananan furanni ja ko ruwan lemo da ake yin shinge da ita, tana yin kwanaki. Halikoniya, mai ganye irin na ayaba da fure kamar ƙaguwa ta buɗe hannu, takan kai mako ɗaya zuwa biyu. Akwai kuma wata shuka 'yar asalin dazuzzukan wannan yanki, mai jan ganye kamar ƙarammiski kewaye da ɗan ƙaramin fure, wadda Turawa suka raɗa wa sunan da ke nufin jinin Asante, ana nomanta a lambunan ƙasashe masu zafi har Asiya da Amurka, alhali gida ta baro.

Wanda yake da tsohon bokiti ko buhun siminti da ɗan wurin da rana take samu, yana iya shuka ziniya, ko marigol, ko zankon zakara. Ziniya takan yi fure cikin wata biyu zuwa biyu da rabi daga shuka, kuma yawan yankanta yana sa ta ƙara rassa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe ta sha.

Wasu furannin kuwa gajeren kwana gare su. Habiskus yini ɗaya yake yi ko an yanke ko an bari, saboda haka a tsinko shi da safe a ɗora a kan ruwa cikin tasa. Boganbiliya, wadda furenta yake kamar takarda, tana saurin yaushi, sai an zage mata ganye an nitsar da reshen a ruwa tukuna.

Yanka da shayarwa

A cikin kowane kara akwai siraran jijiyoyi da suke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa fure. Da zarar an yanke, abu biyu suke toshe su: iska da take kutsawa ta bakin yankan, da ƙwayoyin bakteriya da suke yaɗuwa a cikin ruwa mai datti. Furen da ya sunkuyar da kai alhali yana tsaye a ruwa, ƙishirwa ce ta kama shi, domin hanyar sha ta toshe. Duk ƙa'idojin da ke tafe maganin waɗannan biyu ne.

Lokacin yanka shi ne bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi, sa'ad da tsiro yake cike da ruwan dare. In ba a samu ba, sai gab da Magariba. A fita da bokiti mai ruwa, duk abin da aka yanka a tsoma nan take. A yi amfani da wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, domin dakusasshen almakashi matse jijiyoyin yake yi. A yanka a karkace kamar fiƙe alƙalami, saboda kada gindin ya zauna daram a ƙasan tulu ya rufe kansa. A zaɓi furen da ya soma buɗewa, ban da ziniya da marigol, waɗanda sai sun buɗe sosai karansu ya yi ƙwari.

In an shigo gida, a zage duk ganyen da zai kasance ƙarƙashin ruwa, domin shi ne yake ruɓewa ya sa wari. A sake datse gindin kowane kara da kamar santimita 2, in da hali a cikin ruwa. Reshe mai itace, kamar na lalle ko lemo, a tsaga gindinsa kaɗan a tsaye. Wanda yake fid da farin ruwa kamar madara in an yanke, a tsoma bakin yankan a ruwan zafi na daƙiƙa 20 zuwa 30 domin ya daina zuba. Daga nan a bar su duka a bokiti, a inuwa, na sa'a uku ko huɗu, su sha su ƙoshi kafin a soma jeri. Wannan hutu shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma yake bambanta furen yini biyu da na mako guda.

Tulu da ruwansa

Ba lalle ne sai an sayi gilashin kanti ba. Kwalbar zuma ko ta mayonis da aka wanke, tsohuwar butar shayi, jug na tangaran da ya rasa murfi, gwangwanin Milo da aka naɗe da ƙyallen atamfa, duk suna aiki. Tukwanen ƙasa irin na Pankrono, garin maginan tukwane da ke kan hanyar Mampong, suna da kwarjini na musamman, sai dai suna tsatsafo, saboda haka a saka kwalba a ciki ta riƙe ruwan. Haka ma kwandon Bolga ko ƙwarya. Abin da ya fi siffar tulu muhimmanci shi ne tsaftarsa. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, in ba za ka iya shan ruwa a cikinsa ba, to, fure ma kada ka ba shi.

Ruwan famfon da ke zuwa mana daga madatsun Barekese da Owabi ya wadatar, ruwan sama mai tsabta ma haka. Mai son fure ya ƙara kwana yana iya yi masa haɗi: a lita ɗaya ta ruwa a zuba babban cokali ɗaya na sukari, babban cokali biyu na ruwan lemun tsami, da 'yan ɗigo na ruwan bilic na wanki. Sukari abinci ne a madadin wanda ganye yake sarrafawa, tsami yana sauƙaƙa hawan ruwa a jijiya, bilic kuwa yana kashe ƙwayoyin da sukarin zai ciyar. Kowanne a cikin ruwan ake zuba shi, kada a haɗa lemun tsami da bilic tsura, domin suna tayar da iska mai cutar da numfashi. Wanda ba shi da bilic, ya bar sukarin ma, ya dogara ga sake ruwa kullum.

Yadda ake jerawa

Kafin a sa kara ko ɗaya, a fara sanin inda tulun zai zauna. In jikin bango ne, fuska ɗaya gare shi, dogaye a baya, gajeru a gaba. In tsakiyar tebur ne inda baƙi za su zauna, sai ya yi kyau ta kowane gefe, kuma ya zama gajere yadda ba zai tare fuskar masu hira ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, bai kamata fure ya shiga tsakanin mai gida da baƙonsa ba.

Ma'aunin da aka saba bi shi ne, kara mafi tsayi ya kai tsawon tulun sau ɗaya da rabi daga bakinsa. Tulu mai santimita 20 ke nan yana ɗaukar reshen da ya ɗara bakinsa da kamar santimita 30. In ya wuce haka sai ya zama kamar zai kife, in ya gaza sai tulun ya haɗiye furen. Ba sai an ɗauko abin awo ba, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Ganye ake fara sawa. A soka rassa uku ko huɗu a gicciye, kowanne yana jingine da bakin tulu, ta yadda gindinsu zai sarƙe a cikin ruwa ya zama raga mai riƙe sauran. In bakin tulun yana da faɗi, a dunƙule ɗan guntun ragar waya ta kejin kaji a cusa, ko a zuba wankakkiyar tsakuwa. Akwai wani koren soso da masu adon biki suke soka furanni a ciki, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1954. Roba ce da ba ta ruɓewa, tana marmashewa ta bi ruwa, har babbar ƙungiyar masu lambu ta Ingila ta hana amfani da shi a bukukuwanta tun daga 2021. Magudanan Aboabo sun ishe su da leda, ba sai mun ƙara musu ba.

Bayan ganye sai manyan furanni, uku ko biyar, domin adadin mara ya fi kwanciya a ido. Mafi girma da mafi duhun launi su zauna ƙasa kusa da bakin tulu, ƙanana da masu haske su hau sama. Kada a daidaita kawunansu kamar sahu, a bar wani ya ɗara wani kamar yadda suke a jikin uwarsu. Daga ƙarshe a cike giɓi da ƙananan abubuwa, irin su furen zogale, ɗaɗɗoya ko kan ciyawa, a bar reshe ɗaya ko biyu su zubo su rufe bakin tulun. Ana yi ana juya shi, ana ja da baya ana dubawa.

Game da launi, uwargidan da ta iya haɗa zane da ɗankwali da mayafi ba ta bukatar malami. Launi biyu tare da kore sun isa. Ja da ruwan lemo suna tafiya tare, fari yana shiga ko'ina. In tulun yana da zane mai yawa, furen ya zama launi ɗaya. Kada kuma a cika. Mutanen Japan, waɗanda suka mayar da jera fure ilimi mai makarantu tun ƙarni na 15 da sunan ikebana, sukan wadatu da rassa uku, dogo da matsakaici da gajere, su bar sarari a tsakani. Ganyen moda biyu da halikoniya ɗaya a doguwar kwalba sun fi dami guda da aka cusa da ƙarfi.

Kulawa, da zancen sauro

A ajiye tulu nesa da hasken rana kai tsaye, da bakin fanka, da saman firji ko talabijin inda zafi yake tashi. A nisanta shi da ayaba, mangwaro da tumatir masu nuna, domin suna fitar da wata iska da ake kira itilin, wadda take tsofar da fure ta sa ya zube. Hayaƙin gawayi da na mota ma suna ɗauke da ita. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana busar da komai, sai a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma. Halikoniya da danginta 'yan ƙasar zafi ne, in an sa su a firji baƙi suke yi.

Kowane yini ɗaya ko biyu a zubar da ruwan, a wanke tulun, a sake datse gindin kara, a tsince wanda ya mutu. A nan akwai maganar da ta wuce ado, wadda muke roƙon iyaye su riƙe da kyau. Sauron da yake yaɗa zazzaɓin shawara da na dengi, mai zanen fari da baƙi a ƙafafu, mai cizo da rana, a cikin ruwa mai tsabta da ke zaune a mazubai na gida yake hayayyafa, kuma tulun fure yana cikin wuraren da ya fi so. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ƙwan yana manne wa jikin mazubi, yana kuma jure bushewa na watanni, saboda haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an cuɗa cikin da soso. Ƙasar nan ta ga ɓarkewar shawara a Yankin Savannah a ƙarshen 2021, ta kuma ga ta dengi a Yankin Gabas a 2024. Wanda ya san ba zai iya sake ruwa a kan kari ba, gara ya jera busassun furanni, kamar zankon zakara da kan ciyawa, waɗanda ake ratayewa a kife a inuwa har su bushe, ba su bukatar ruwa ko kaɗan.

Hattara biyu

Na farko, ba kowane mai kyau ne ake shigowa da shi ɗakin yara ba. Kariya, wadda mutanen arewa suka sani da furenta mai ruwan hoda, guba ce. Oliyanda, mai siririn ganye da ake dasawa a bakin titi, guba ce tun daga ganye har ruwan da aka tsoma ta a ciki. Alamanda mai rawayan fure kamar ƙaho, da difenbakiya mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, wadda take kumbura harshe in an tauna, su ma a bar su a waje. Bayan taɓa duk tsiro mai farin ruwa a wanke hannu kafin a kai ido. Ɗakin mai asma ko jariri kuwa, a kauce wa furanni masu ƙarfin ƙamshi.

Na biyu, shingen maƙwabci da lambun makaranta da furannin da hukuma ta dasa a shataletale duk suna da masu su. A yi sallama a roƙa. Galibin masu lambu murna suke yi in an yaba shukarsu, har su ba da reshen dasawa, kuma ta haka zumunci yake ƙulluwa tsakaninmu da maƙwabtanmu Asantawa. In an samu izini a yanka daidai bukata, a bar wa uwar abin da za ta rayu da shi.

Kammalawa

Wardin da ake gani a manyan shaguna sau da yawa daga nesa yake zuwa. Ƙasar Kenya tana nomansa a gefen tafkin Naivasha, ana ɗaukarsa a jirgin sama zuwa kasuwar Aalsmeer ta Holan, daga can ya bazu duniya. A Akra ma tun 2013 aka soma bikin baje kolin lambu da furanni, abin da ya nuna sana'a ce mai ci. Matasanmu mata da maza da suke ɗawainiyar ado a wuraren ɗaurin aure, suna da walimar saukar karatu, suna iya samun abin yi a nan in sun koyi aiki da abin da ƙasarmu take fitarwa.

Amma kafin sana'a, gida. Shawararmu ita ce kowane gida ya ware kwalba ɗaya, a ɗora wa yaro ɗaya alhakinta, ya yanko ranar Juma'a da safe, ya sake ruwa kullum kafin ya tafi makaranta, ya kuma faɗi sunan duk abin da ya sa a ciki. In bai sani ba ya tambayi kakarsa, domin sunayen suna wurinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In furen ya yi kwanakinsa ya bushe, a zuba shi a gindin shuka ya zama taki, a wanke kwalba, a jira Juma'a mai zuwa.

Allah ya albarkaci gidajenmu, ya shirya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya.